Wufa Huɗu a Motar Hajiya Daso

A gidan hayarmu da ke Suleja babu wanda ya naɗa Gwadabe injiniya. Shi ya naɗa kansa, ranar da ya dawo daga Abuja bayan ya yi wata bakwai a wani shago da ake ɗaura wa motocin masu hali kayan sauti. Gadi ya yi a shagon, ba wani abu ba. Ni da nake ɗinki a ƙofar gida na fi kowa sani, don ni na rage masa tsawon wandon kakin. Amma in ka same shi a teburin mai shayi yana zuba, sai ka rantse shi ya koya wa wutar lantarki bin waya.

"Ku sauti jinsa kuke yi," haka yake ce mana. "Ni ganinsa nake yi da idona."

Da a baki abin ya tsaya, da babu wanda zai kula. Sai tsautsayi ya haɗa shi da motar yayarsa.

Yayar tasa, Hajiya Daso, maganin gargajiya take sayarwa. Tana da wata tsohuwar wagon ja, da lasifikar ƙaho guda ɗaya ɗaure a sama, da talla da wani mai shela ya ɗaukar mata a memori. Shekara goma sha ɗaya tana ajiye motar nan a inuwar wani mangwaro a bakin kasuwar Izom, inda duk mai shiga da mai fita sai ya gifta. Da wannan inuwar ta ciyar da 'ya'ya huɗu tun bayan rasuwar mijinta. Ana nan sai ga wani baƙo, Almu, shi ma da motar magani, amma da ƙaho biyu. Ya liƙa motarsa a gefen tata. Ta ƙara murya, ya ƙara, har mai sayar da doya ya daina jin abin da mai saye ke tayawa. Shugaban 'yan kasuwa, Malam Bamalli, ya gaji da karɓar ƙara, ya yanke hukunci: inuwar mota ɗaya za ta ɗauka. A kasuwa mai zuwa, wanda tallarsa ta fi tara jama'a kafin azahar shi ke da wuri. Ɗayan ya koma bayan mahauta, inda ƙuda ne kawai ke ciniki.

Hajiya ta dawo gida ranta a ɓace. Ta ce gobe za ta kai motar wajen Chukwuka mai wayarin, wanda shagonsa ke kallon gidanmu, ya ƙara mata ƙaho ɗaya.

"Ƙaho?" in ji Gwadabe, har da dafe ƙirji. "Haba Yaya! Kina da injiniya a gida za ki koma zamanin jahiliyya? Ba ni makullin nan kwana uku. Wallahi in na kunna a Izom, sai an ji a Tafa."

"Ni 'yan Izom nake so su ji, Gwadabe. Me zan yi da 'yan Tafa?"

"Su ma ai suna rashin lafiya."

Ɗan'uwa dai ɗan'uwa ne, ta miƙa masa makulli.

Washegari da hantsi Keke Napep ta sauke masa kaya a ƙofar gida. Akwatuna huɗu baƙaƙe, kowanne da lasifika mai faɗin faifai, irin waɗanda ake ce wa wufa, sai amfilifaya guda ɗaya da aka rubuta wa 5000 da jan rubutu. Daga wata mashaya da ta rufe a Madalla ya kwaso su. Ƙahon Hajiya kuwa tuni ya kwance shi ya bayar a cikin musayar.

Chukwuka ya tsallako titi yana goge hannu. Haifaffen Suleja ne, Hausarsa ta fi ta wasunmu, kuma shekara ashirin yana wayarin ba a taɓa jin motar da ya taɓa ta kama wuta ba. Ya ɗaga amfilifayar, ya juya ta, ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa.

"Injiniya, wannan wat ɗari uku ce."

"Dubu biyar. Ko idonka ya fara ne?"

"Dubu biyar ɗin kirari ne, don a sayar maka aka rubuta. Ga ƙarfin da take iya bayarwa ba tare da ta gaji ba, ɗari uku. Kowace wufa a nan kuma ɗari huɗu take nema. Ka ɗauko ƙarti huɗu ka ajiye musu kwanon yaro."

"Za su raba."

"To ya za ka haɗa wayar?"

"Kamar yadda ake yi a Abuja. Ja da ja, baƙi da baƙi, duk a tufke wuri guda."

Chukwuka ya ciro mitarsa ya ɗora a kan wufa ɗaya. "Duba nan, om huɗu. Om shi ne turjiyar da wufa ke yi wa wuta. In ka tufke biyu yadda ka faɗa, ya koma om biyu. In ka tufke huɗu, ya koma ɗaya. Ita kuma an rubuta mata kada a yi ƙasa da huɗu."

"Ka ji ka! Ɗaya da huɗu wanne ya fi sauƙi? Sauƙaƙa mata na yi."

"Abeg, Injiniya! In om ya sauka, turjiya ce ta ragu, wuta za su riƙa zuƙa kamar ba gobe. Zafi za ta yi ta ƙone. In dole sai huɗun, ka jera biyu bi da bi, ka jera ɗayan biyun, sannan ka haɗe layukan, ka dawo om huɗu daidai. Minti goma zan yi maka, ba na son ko sisi. Amma ko an yi haka ma, wufa ba ta..."

"Chukwuka," Gwadabe ya katse shi, ya dafa masa kafaɗa kamar mai ba maraya haƙuri, "kai gyaran sigina ka sani. Wannan sauti ne. Je ka, ga mai babur can yana jiranka."

Chukwuka ya maida mitarsa aljihu. Da zai tsallaka ya tsaya a bakin kekena ya ce a hankali, "Maiɗinki, ka janye yadinka daga kusa da motar nan."

Na janye.

Bayan la'asar aka yi gwajin farko a tsakar gida. An cire kujerar baya, wufofi huɗu sun cika motar, amfilifaya na zaune a kansu. Gwadabe ya sa wani kiɗan gwangwaje daga wayarsa, ya murɗa. Ni dai abin da na fara ji shi ne hanjina ya motsa. Kwanon rufi ya ɗauki rawa, kajin maigida suka watse, allurar da na ajiye a kan keke ta yi tafiyarta. Daga ɗakin ƙarshe muka ji tartsatsin tangaran, sai ga Mama Adeola, mai sayar da amala, ta fito da rabin faranti a hannu.

"Gwadabe! Farantin aurena ke nan! Shekara talatin yana kan kanta, ko yara ba su fasa ba!"

"Mama, ki yi murna. Ba kowane faranti ke samun irin wannan mutuwar ba."

Ta ɗaga rabin da ya rage za ta sauke masa a ka, sai kiɗan ya ɗauke ɗif. Wata 'yar jar fitila ta kama a jikin amfilifaya.

"Ta ce ta gaji," Chukwuka ya ƙwalo daga shagonsa. "Kare kanta take yi. Ta fi ka hankali!"

"Hutun rabin lokaci ne," in ji Gwadabe.

Da ta huce ya sake kunnawa. Wannan karon ko minti biyu ba a yi ba muka ji ƙas! Fiyus ya tsinke. Ya sa sabo, ya tsinke. Ya sa na uku, ya bi 'yan'uwansa. Gwadabe ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce ai ya gano matsalar: fiyus ɗin Suleja ba su da zuciya. Ya shiga ɗaki ya zaro ƙusar da yake rataye hula, ya lanƙwasa ta, ya cusa a gurbin.

"Ƙusa ba ta tsinkewa," ya ce.

"Shi ya sa ba a sa ta," in ji Chukwuka, wanda ya kasa zama ya sake tsallakowa. "Aikin fiyus ke nan, ya mutu don mota ta rayu."

"A motar Yayata babu mai mutuwa."

Saura zafi. Amfilifayar in ta yi minti biyar sai ka iya gasa masara a kanta, jar fitila ta kama. Nan ma bai rasa dabara ba. Ya sayo ƙanƙara a leda wajen mai firiza, ya ɗora mata a ka. Ikon Allah, kiɗa ya yi kwata guda bai ɗauke ba. Gwadabe ya zagaya tsakar gida yana karɓar gaisuwar da babu wanda ya yi masa.

Hajiya Daso ta tsaya a bakin ƙofarta ta toshe kunne ɗaya. Ƙarar ta burge ta, ba zan ɓoye ba, amma 'yar kasuwa ce.

"Na ji ganga. Sa mini tallata in ji."

"A'a, Yaya! A nan? Almu yana da 'yan rahoto ko'ina. Sai a fili za su ji, ba shiri."

Ta koma ɗaki tana jan carbi. Wanda bai ji bari ba dai zai ji hoho, sai dai abin haushin, hohon nan ba shi kaɗai zai sha ba.

Ranar kasuwa na rufe keke na hau motar haya ta Izom, don irin wannan kallo ba a ba mutum labari. Ina shiga na tarar da Chukwuka a kujerar baya, da filaya a aljihun gaba.

"Kai ma magani za ka saya?" na tambaye shi.

"Hajiya ta taɓa ba matata magani kyauta," ya ce. "Ba zan zauna a shago motarta ta ƙone ba."

Mun isa kasuwa ta fara cika. Matan ƙauye na shigowa da kaya a kafaɗa, ga doya tsibi-tsibi, ga masu tukwane sun jera nasu a gefen mangwaron, ƙanana a kan manya. Almu ya riga ya kunna ƙahonsa biyu, muryar tallarsa tana fita tar-tar, mutum kusan ashirin sun kewaye shi. Hajiya ta jera kwalabenta a kan rufin mota da kan bonet. Malam Bamalli ya sa an kawo masa kujera, ya zauna tsakanin motocin biyu da sandarsa.

Gwadabe ya fito cikin baƙin gilashi. Ya buɗe but da ƙofofi huɗu, ya ɗora sabuwar ƙanƙara, leda biyu wannan karon. Ya karɓi memori daga hannun Hajiya, ya cusa, ya ɗaga hannu sama kamar mai tayar da tsere.

"Jama'ar Izom, ku riƙe hulunanku!"

Ya murɗa har ƙarshe.

Abin da Chukwuka ya so faɗa aka katse shi, shi ne ya fito fili. Wufa ba ta san magana ba, gurnani kawai ta iya. Mai shelar nan da ke jero sunayen cututtuka ɗaya bayan ɗaya, ko kalma guda tasa ba ta fito ba. Sai wani "Wuuum! Bum-bum! Wuuum!" kamar an kulle bijimi a rijiya.

"Me yake cewa?" wata tsohuwa ta tambaya.

"Turanci ne, Iya," in ji Gwadabe. "Na zamani."

Kwalaben da ke kan rufi suka fara tafiya a jere, suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta tare biyu, uku suka fashe. Tukwanen da ke gefe suka ɗauki kaɗawa, ƙaramar da ke can sama ta sauko ta tarwatse, mai su ta rungume sauran tana zagi da yarenta. Awakin da aka ɗaure a turke suka tsinke igiya suka bi ta kan tumatir. Malam Bamalli ya miƙe yana magana, bakinsa na motsi, babu mai ji.

"Gwadabe, ina maganar?" Hajiya ta yi masa tsawa a kunne. "Ina sunan maganin?"

"Yana zuwa, Yaya! Injin bai gama ɗumi ba!"

Almu ya rage nasa ƙahon don ya ji daɗin dariya. Ya ɗauki makirfo ya ce, "Jama'a, wanda wancan gurnanin ya sa wa ciwon kai, ga magani a nan!"

Wannan ya ƙona ran Gwadabe. Ya shiga but ya murɗa duk wani abu da ke murɗuwa a jikin amfilifayar. Ita kuwa ta riga ta yi zafin da ledar ƙanƙarar ta narke ta huje, ruwa yana tsiyaya cikinta. Muka ji fat! Gurnani ya tsaya. Da fiyus ne a wurin, da magana ta ƙare a nan. Amma ƙusa ce, kuma ƙusa ta cika alkawari, ba ta tsinke ba. Wayar da ta taso daga batir ta yi ja, robarta ta narke, hayaƙi baƙi mai wari ya turnuƙe motar.

"Wuta! Wuta!"

Injiniya ne ya fara fita, ta taga, alhali ƙofofi a buɗe suke, gilashinsa a kunne ɗaya. Chukwuka ya ture shi gefe, ya ɓalle bonet, sauran kwalaben suka zube, ya datse wayar da filaya. Wani mai doya ya watsa ƙasa a but, mai tukwane ta juye ruwan shanta. Cikin minti biyu wuta ta mutu, mota ta tsira, sai hayaƙi da ke tashi sama kamar ana gasa taya.

Hajiya Daso ba ta yi ihu ba. Ta tsaya tana kallon maganinta yana bin ƙasa, idonta ya kawo ruwa. Na tausaya mata ƙwarai, don na san ba kwalabe take gani ba, bayan mahauta take gani.

"Matsalar batir ce," Gwadabe ya fara yi wa jama'a bayani. "Batirin ƙauye ba ya ɗaukar..."

Sai Hajiya ta ɗago kai. Ta dubi gabas, ta dubi yamma. Kasuwar Izom kaf ta baro abin da take yi ta zo kallon hayaƙi, har da mutanen Almu, har da mahauta da wuƙaƙensu. A shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa ganin taro irin wannan a gaban motarta ba. Ta share ido da bakin mayafi.

"Malam Bamalli, azahar ta yi?"

"Da saura, Hajiya. Jama'a kam kin tara. Amma talla na ce, ban ce gobara ba. Har yanzu ban ji abin da kike sayarwa ba."

Ta juya. "Gwadabe. Hau."

"In hau ina, Yaya?"

"Inda ka cire mini ƙaho."

"Haba Yaya, da girmana? Ni fa injin..."

"Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Hau, ko in sa mahautan nan su ɗora ka."

Mahauta suka matso da murna. Gwadabe ya hau da kansa. Hajiya ta jawo katon ɗin da ke ƙarƙashin kujerar gaba, wanda wuta ba ta taɓa ba, ta miƙa masa kwalba ɗaya. Ta san tallar nan da ka. Tana faɗa a hankali, yana maimaitawa da ƙarfi. A nan muka gane baiwar da Allah ya yi wa bawan nan: murya gare shi kamar ta mai kiran fasinja, har bakin titi ana jin kowace kalma.

"Ina mai shawara! Ina mai sanyin ƙashi! Ina mai kumburin ciki!"

"Ni da kuke gani," in ji Hajiya.

"Ni da kuke gani!"

"Shekara bakwai na yi ina fama da basir."

Gwadabe ya leƙo ƙasa. "Yaya, a tsallake wannan."

"Haka yake a tallar. Shi ne ma mai sayar da maganin. Faɗi."

Ya dubi wayoyin da aka ɗaga ana ɗaukarsa, sun fi talatin. Ya dubi Almu, wanda ya riga ya fara gyara fakin zuwa tsakiyar inuwa. Ya dubi yayarsa, da toka a mayafinta. Ya rufe ido.

"Shekara bakwai na yi ina fama da basir! Ko benci ba na iya zama! Sai da na sha maganin Hajiya Daso!"

Kasuwa ta ɗauki sowa. Wani dattijo ya kutso ya ce, "Yaro, tsakaninka da Allah?" Hajiya ta ɗaga kai ta zuba wa ƙanenta ido. Gwadabe ya ce, "Baba, ga ni dai a tsaye." Dattijo ya sayi biyu. Kafin ladan ya kira azahar katon ya ƙare, an sa shi ya maimaita shekara bakwai ɗin nan ya fi sau ashirin, don duk wanda ya zo a makare sai ya ce bai ji ba.

Malam Bamalli ya buga sanda. Inuwa ta Hajiya ce, Almu ya koma bayan mahauta. Za ta sayi tukunyar da ta fashe da tumatirin da awaki suka taka. Sannan sharaɗi ɗaya: muddin yana shugabanci, kada ya sake ganin wani abu mai waya a kan motar nan.

"To da me zan yi talla, Malam?"

Ya nuna rufin mota da sandarsa. "Wannan ya isa. Ba ya hayaƙi."

Chukwuka ya gyara wayar batir, ya sa fiyus na gaskiya, muka dawo Suleja a motar Hajiya, ni da Chukwuka a tsugune tsakanin ƙonannun akwatuna. Gwadabe bai ce uffan ba tun daga Izom. Ba tuba ya yi ba, muryar ce ta tafi.

Bidiyon ya riga mu isowa. Muna shiga gida muka tarar 'yan haya sun cika tsakar gida. Mama Adeola ta taso da sauri, ta manta da zancen faranti, da matashin kai a hannunta. Ta ɗora shi a kan benci ta daddaɓa.

"Eyya, Gwadabe, sannu! Shekara bakwai, muna gida ɗaya ba ka faɗa ba! Zauna a nan, ɗana, a hankali."

Gwadabe ya girgiza kai da ƙarfi, ya buɗe baki zai musa, iska kawai ta fito. Ya fara nuni da hannu yana nuna yayarsa. Hajiya Daso ta matso kusa da shi, ta gyara masa wuyan riga, ta yi magana yadda mu na kusa kawai muka ji.

"Rabin 'yan unguwar nan suna cin kasuwar Izom. Ka musa, ka ga yadda za mu kwashe."

Ya dube ta, ya dubi matashin. Sannan ya dafa gwiwa, ya lallaɓa a hankali kamar yadda Mama Adeola ta ce, ya zauna.